BABI NA UKU: TARIHIN ƘANANAN INJUNAN GAS A MOTOCIN A-KORI-KURA NA AMURKA, 1973 ZUWA 2023

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka yi ta ƙoƙarin sanya ƙananan injunan gas a cikin motocin a-kori-kura a ƙasar Amurka, tun daga rikicin man fetur na shekarar 1973 har zuwa 2023. Abin da ya sa aka zaɓi Amurka shi ne, ita ce ƙasar da ta fi kowace sayen irin wannan mota, amma kuma a nan ne ƙaramin injin gas ya kasa kafa gindinsa har sau biyu, alhali kuwa a Asiya da Turai da Ostareliya shi ne sarki. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa ba inji kaɗai za a duba ba idan ana neman dalili. Tilas a haɗa da irin giyar da aka ɗaura masa, da tayoyin da ke jan motar, da farashin mai, da kuma dokokin gwamnati.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace kalmomi uku. Da farko, kalmar gas a nan tana nufin man dizal, kamar yadda direbobi da kanikawan ƙasar Hausa suke kiransa, ba yadda Amurkawa suke amfani da kalmar ba, domin su a wurinsu fetur take nufi. Na biyu, ƙaramar a-kori-kura ita ce wadda nauyinta da na kayanta bai wuce fam 8,500 ba, wato kimanin kilo 3,856, domin nan ne dokar hayaƙi ta Amurka ta ja layi tsakanin ƙanana da manya. Na uku, hanyar ja tana nufin jerin sassan da ke ɗaukar ƙarfin inji su kai shi ga taya, wato kuloci da giya da farfela da aksil.

3.1 Asalin Injin Gas da Yadda Ya Ƙanƙance

Rudolf Diesel, Bajamushe da aka haifa a birnin Paris a 1858, shi ne ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1893. A 1897 injinsa ya yi aiki sosai a birnin Augsburg, inda ya mayar da kimanin kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki, abin da ya zarce injunan tururi na wancan zamani nesa ba kusa ba. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya buƙatar fulogi domin kunna wuta. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Injin fetur na shekarun 1970 yakan matse iska ninki 8 ko 9, shi kuwa ƙaramin injin gas yakan kai ninki 20 ko fiye. Wannan matsi shi ne sirrin tattalin mansa, shi ne kuma dalilin nauyinsa da ƙararsa da tsadarsa, domin dole a yi masa jiki mai kauri.

Injunan farko manya ne, sai a masana'antu da jiragen ruwa. A 1924 aka nuna manyan motocin ɗaukar kaya masu shan gas a baje kolin Berlin, sannan a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa domin kasuwa. A Ingila kuma Harry Ricardo ya fito da wani ɗan ƙaramin ɗaki a kan silinda wanda ke juya iska kafin mai ya kama, abin da ya ba ƙananan injuna damar gudu da sauri. Daga nan sai Mercedes-Benz ya fito da motar zama 260D a 1936, Land Rover ya sanya injin gas a 1957, Peugeot kuma ya sanya shi a ƙirar 403 a 1959. Ke nan, kafin Amurka ta waiwayi wannan inji, Turawa sun shafe shekaru kusan arba'in suna sarrafa shi a ƙananan motoci.

3.2 Dangantakar Injin Gas da Hanyar Ja

Injin gas yana da ƙarfin murɗawa tun yana juyi a hankali, amma ba ya iya juyi da sauri. Ƙananan injunan gas na shekarun 1980 sukan ƙure a wajen juyi 4,000 zuwa 4,500 a minti ɗaya, na fetur kuwa yakan wuce 5,000 ba tare da wahala ba. Saboda tazarar da yake aiki a cikinta gajera ce, yana buƙatar giya mai hawa da yawa domin a riƙe shi a inda ƙarfinsa yake. Giya mai sarrafa kanta ta wancan lokaci hawa uku gare ta, kuma tana cinye wani ɓangare na ƙarfin inji a cikin man da ke juya ta. Injin da ƙarfinsa bai kai doki 60 ba, ba shi da rarar da zai bayar. Don haka ne yawancin ƙananan a-kori-kura masu shan gas suka fito da giyar hannu mai hawa huɗu ko biyar.

Haka kuma akwai zaɓi uku game da tayoyin da ke ja. Na farko shi ne jan baya, wanda shi ne asalin tsarin a-kori-kura, domin idan aka yi lodi nauyin yana sauka a kan tayoyin da ke ja, sai su ƙara kama ƙasa. Aibinsa shi ne idan motar ba kaya takan yi santsi a laka ko ƙanƙara. Na biyu shi ne jan gaba, wanda ya fi sauƙin nauyi da tattalin mai, sai dai lodi yana ɗaga gaban motar ya rage wa tayoyin riƙo. Na uku shi ne jan taya huɗu, inda ake ƙara wani akwatin giya da farfela ta biyu da aksil mai ja a gaba, tare da giyar taimako wadda ke ninka ƙarfin ja sau biyu ko fiye. A motocin wancan zamani sai direba ya sauko ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba da hannunsa kafin su fara ja. Wannan tsari yana fitar da mota daga yashi da taɓo, amma yana ƙara nauyi da kuɗi da shan mai. Duk wanda ya ɗora shi a kan ƙaramin injin gas, ya sami mota mai hawa dutse, amma mai jan jiki a kan kwalta.

3.3 Harajin Kaji da Shigowar Motocin Japan

Akwai wata doka da ta yi tasiri a wannan tarihi tun kafin a fara zancen gas. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Tarayyar Kasuwar Turai suka sanya haraji mai nauyi a kan naman kajin da ake shigowa da shi daga Amurka. Domin ramuwa, a watan Disamba na 1963 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan harajin kashi 25 cikin 100 a kan wasu kayayyaki, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, ya kuma fara aiki a Janairun 1964. Motocin Volkswagen na Jamus ta Yamma aka nufa, amma daga baya motocin Japan ne suka fi jin jiki. Shi ne ake kira harajin kaji.

Duk da haka, kamfanonin Japan sun sami kafa. Sai suka riƙa shigo da mota ba bodin baya, a biya mata kashi 4 kacal, sannan a ɗaura bodin a Amurka. Ta haka Datsun da Toyota suka bazu. Kamfanonin Amurka ma da suka ga kasuwar tana ci, sai suka riƙa sayo motocin Japan suna manna sunayensu. A 1972 Chevrolet ya fito da LUV wadda Isuzu ke ƙerawa, Ford ya fito da Courier ta kamfanin Mazda, Dodge kuma ya biyo baya da D-50 ta Mitsubishi a 1979. A 1980 gwamnati ta toshe wannan kafa, abin da ya tura kamfanonin zuwa ƙera ƙananan a-kori-kura a cikin gida.

3.4 Zango na Farko: 1978 Zuwa 1987

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka mai saboda goyon bayanta ga Isra'ila. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. A 1975 majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu, inda aka ce zuwa 1985 motocin zama su riƙa yin mil 27.5 a galan ɗaya, wato kusan kilomita 12 a lita. Daga 1979 aka sanya ƙananan motocin kaya a cikin dokar. A wannan shekara ce kuma juyin juya halin Iran ya sake hargitsa kasuwar mai. Injin gas, wanda kan rage shan mai da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, sai ya zama mafita mafi kusa.

Kamfanin General Motors ya yi gaggawa. A 1978 reshensa na Oldsmobile ya fito da injin gas mai silinda takwas da girman lita 5.7 da ƙarfin doki 120, wanda aka gina bisa fasalin injin fetur na kamfanin. An sanya shi a motocin zama da kuma a-kori-kura ta Chevrolet C10 daga 1978 zuwa 1981. A 1978 ɗin ne kuma Dodge ya gwada injin Mitsubishi mai lita 4.0, amma bai sami masaya ba, aka janye shi.

Ƙananan na gaskiya sun biyo baya. Volkswagen ya fara ƙera a-kori-kurar Rabbit a jihar Pennsylvania a 1979, mai jan gaba, da injin gas mai ƙarfin doki 48, daga baya 52. A 1981 LUV ta sami injin Isuzu mai lita 2.2 da doki 58, Datsun 720 ta sami mai doki 61, Toyota kuma mai doki 62. A 1983 Ford Ranger ta fito da injin lita 2.2 da doki 59, wanda Mazda ya ƙera bisa zanen kamfanin Perkins na Ingila, sannan a 1985 aka musanya shi da na Mitsubishi mai lita 2.3 da tarbo, mai doki 86. Chevrolet S-10 ta yi amfani da injin Isuzu, Jeep Comanche kuma ta ɗauki na Renault mai lita 2.1 a 1986. Amma kafin shekarun 1980 su ƙare, babu ko ɗaya daga cikinsu da ta rage a kasuwa.

3.5 Dalilan Faɗuwar Zango na Farko

Dalili na farko shi ne baƙin jinin da injin Oldsmobile ya jawo. Kusoshin da ke riƙe kan injin ba su isa ɗaukar matsin gas ba, sai gasket ya riƙa ƙonewa. Ba a kuma sanya masa matatar da ke raba ruwa da mai ba, alhali gas ɗin da ake sayarwa a lokacin yakan zo da ruwa, wanda ke cinye famfon fesa mai. Daɗin daɗawa, kanikawan dillalai da yawa ba su saba da injin gas ba. A 1981 General Motors ya sayar da motocin gas fiye da 300,000, amma ƙorafi da ƙararraki a kotu suka yi yawa, har aka daina injin a 1985. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Injunan Isuzu da Toyota ba su da waɗannan cututtuka, amma laifin wani ya shafe su.

Dalili na biyu ya shafi hanyar ja. Ba'amurke ya saba da giya mai sarrafa kanta da na'urar sanyaya mota da doguwar tafiya a kan babbar hanya. Injin doki 58 ba ya iya ɗaukar waɗannan duka, balle a ƙara masa jan taya huɗu, wanda a daidai wannan lokaci ne ya fara farin jini, bayan Toyota ya fito da shi a ƙaramar a-kori-kurarsa a 1979. Ita kuwa Rabbit, duk da tsananin tattalin manta, jan gaba ya hana manoma da magina ɗaukarta a matsayin motar aiki, aka daina ƙera ta a Amurka bayan 'yan shekaru.

Dalili na uku shi ne kuɗi. A 1984 harajin tarayya a kan gas ya koma santi 15 a galan, na fetur yana santi 9. Sannan a 1986 farashin ɗanyen mai ya karye, ganga ta sauko ƙasa da dala 15. Mutumin da ya biya ƙarin kuɗi ya sayi injin gas domin ya mayar da su a gidan mai, sai ya ga lissafin bai fita ba.

Abin lura a nan shi ne gas bai mutu a manyan a-kori-kura ba. Ford ya sanya injin lita 6.9 na kamfanin International a 1983, Dodge kuma ya sanya na Cummins mai lita 5.9 da tarbo a 1989. Waɗannan sun karɓu domin masu su suna jan tireloli masu nauyi, inda ƙarfin murɗawa yake biyan kuɗinsa, kuma nauyinsu ya fitar da su daga tsauraran dokokin da suka hau kan ƙanana.

3.6 Halin da Ake Ciki a Wajen Amurka

A tsawon shekarun da Amurka ta juya wa ƙaramin injin gas baya, sauran duniya ba ta tsaya ba. Ƙasar Tailan, wadda ta sassauta haraji a kan a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya, ta zama cibiyar ƙera su, inda Toyota da Isuzu da Mitsubishi da Ford suka kafa masana'antu, kuma kusan dukkan motocin masu shan gas ne. Fasahar ma ta ci gaba. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya fito da tsarin da ke tara mai a bututu guda mai matsi sosai, kwamfuta tana ba kowane nozul umarni, aka sanya shi a babbar motar Hino. A 1997 tsarin ya shiga motar zama ta Alfa Romeo 156. Da wannan tsari da tarbo, injin da bai kai lita 3 ba ya ninka ƙarfin na shekarun 1980 har sau uku.

Nijeriya ma ta ba da misalin da ke ƙarfafa wannan bayani. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a-kori-kurar 404 da ta 504, dukkansu masu jan baya da giyar hannu, su ne suka yi ta jigilar hatsi da dabbobi da mutane zuwa kasuwannin ƙauye. Mafi yawansu fetur suke sha. Gwamnati ta janye hannu daga ƙayyade farashin gas shekaru da yawa kafin ta cire tallafin fetur a 2023, don haka na tsawon lokaci fetur ya fi araha, kuma Hilux mai shan fetur ta yi kasuwa a ƙasar fiye da yadda ta yi a Turai ko Tailan. Wannan ya nuna cewa kowace ƙasa injin da farashin manta ya zaɓa mata take hawa.

3.7 Zango na Biyu: 2014 Zuwa 2023

Abin da ya buɗe ƙofar dawowa shi ne tsabtace mai. Daga 2006 aka rage sinadarin farar wuta a gas ɗin motoci na Amurka daga kashi 500 zuwa 15 cikin miliyan. Wannan ya ba da damar sanya matatar da ke kama baƙin hayaƙi, da kuma na'urar da ke fesa ruwan yuriya a salansa domin kashe gubar da ke fita.

A 2014 Ram 1500 ta fito da injin lita 3.0 na kamfanin VM Motori na Italiya, mai doki 240, wanda ke yin mil 28 a galan a babbar hanya. A 2016 Chevrolet Colorado da GMC Canyon suka sami injin lita 2.8 da ake ƙerawa a Tailan, mai doki 181, wanda ke jan tirela mai nauyin fam 7,700, wato kusan tan uku da rabi. Ford ya sanya wa F-150 injin lita 3.0 daga masana'antarsa ta Dagenham a Ingila a 2018, General Motors kuma ya fito da nasa mai silinda shida a jere a motocin 2020. A wannan karo an warware matsalar hanyar ja. Dukkan waɗannan motoci giya mai sarrafa kanta gare su, mai hawa shida ko takwas ko goma, kuma ana shiga jan taya huɗu da murɗa maɓalli daga cikin mota. Babu ɗayansu da aka sayar da giyar hannu, wato an koma kishiyar abin da aka yi a 1981.

Sai dai wata matsalar ta ɓullo ta wani gefen. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ya sanya wa motocinsa na gas wata dabarar kwamfuta da ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai. A Janairun 2017 hukumar ta tuhumi Fiat Chrysler a kan motoci kimanin 104,000, ciki har da Ram 1500, kuma a Janairun 2019 kamfanin ya amince da sulhun da ya kai kusan dala miliyan 800. Bugu da ƙari, kayan tsabtace hayaƙi sun sa injin gas ya ɗara na fetur da dala dubu uku zuwa huɗu, ga shi tun wajen 2004 gas ya fi fetur tsada a gidajen man Amurka a mafi yawan lokuta. A gefe guda kuma ƙananan injunan fetur masu tarbo, da motoci masu haɗa fetur da batir, sun kwaikwayi ƙarfin murɗawa da tattalin man da a da gas kaɗai ke tinƙaho da su. Ford ya janye injinsa a 2021, Colorado ta rabu da nata bayan ƙirar 2022, Ram kuma ya daina a Janairun 2023. Zuwa 2024 General Motors kaɗai ya rage yana sayar da ƙaramar a-kori-kura mai shan gas a Amurka.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙaramin injin gas ya shiga kasuwar a-kori-kura ta Amurka sau biyu, kuma tsadar mai da matsin doka ne suka shigo da shi a kowane karo. A zango na farko ya zo da araha da tattalin mai, amma ƙarfinsa bai iya ɗaukar giya mai sarrafa kanta da jan taya huɗu ba, ga kuma baƙin jinin da injin Oldsmobile ya bari. A zango na biyu ya zo da ƙarfi da giyar da ta dace da shi, amma kuɗin tsabtace hayaƙinsa da abin kunyar 2015 suka cinye ribar. Inda ya ɗore, wato a manyan a-kori-kura na Amurka da kuma ƙasashe irin su Tailan, an tarar ko dai aikin yana buƙatar ƙarfin murɗawa kullum, ko kuma haraji da farashin mai suna goyon bayansa. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan motoci suka shigo kasuwannin Afirka ta Yamma, da irin sunayen da direbobi da kanikawa Hausawa suka raɗa wa sassansu.